Kambun da Nafisa ta tsinke

Zango, Zinder

Zuwa ga Yayana Alkasum,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya a Tamanrasset, ya ba da sa'ar nema. Mu duk lafiya, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, na ji an kai maka cewa matarka Nafisa ta tsinke kambun da Inna ta ɗaura wa Zakiyya, har ka daina ɗaga wayarta. Haba! Ni a gabana aka yi. Ka san jijiyar da aka haɗa wa 'yarka a hannun hagu don wankin ƙoda, wadda in ka taɓa za ka ji tana zuza kamar ƙudan zuma. Lokotoro, wato likitanta, ya ce kada a matse hannun ko da da awarwaro ne, don in ta toshe sai a koma bututun wuya, wanda zazzaɓinsa ya kusa kashe ta bara. To Inna ta zo daga Tirmini da kambu, ta ce ai inda ciwo yake nan ake ɗaurawa, ta ɗaure tam ba wanda ya sani.

Ashe Nafisa kullum da safe sai ta ɗora yatsu ta ji zuzar nan. Ran nan ta taɓa, shiru, hannu ya kumbura. Ta ɗage rigar, ta sa reza ta yanke igiyar, ta rungumi yarinya sai kabu-kabu zuwa asibiti. Ni wallahi kuka kawai na iya. Lokotoro ya ce gudan jini ne, da an kai la'asar da jijiyar ta tafi. Allah ya taimaka suka buɗe ta.

Da Nafisa ta dawo, kafin ta sha ruwa ta durƙusa ta ba Inna haƙuri, ta sake wa kambun igiya ta ɗaura wa Zakiyya a ƙafa. Sannan ta kama yatsun Inna ta ɗora a kan jijiyar. Tsohuwa ta yi ta hawaye. Yanzu ita ke riga kowa taɓawa, mai gaisuwa ma in ya miƙo hannu wajen hagun nan sai ta doke shi.

Inna da Baba Nomau suna gaishe ka, ka gaida Adam abokin zamanka. Inna ta ce in gaya maka, in ba ka kira Nafisa ba, kada ka kira ta.

Ƙanwarka,
Sa'adatu