Kwalabe a Hammata

Ya ke Sarauniyar Kwalabe, sanyin idona, ruwan farko bayan dogon rani,

Gaisuwa daga mai ɗaukar hotonki, wanda ke zaune gaban injin maganadisu mai haska cikin jikin majiyyata, zuciyarsa kuwa tana ɗakin gwajinki.

Kin tuna safiyar da akwatin ɗumama ya lalace? Kin shigo da ƙananan kwalaben gwajinki, kowace da nata tsamin, kowace da ɗigon ruwan allurar nan da kika haɗa, mai sauya haske gwargwadon tsamin nama. Kin koya mini cewa ƙari, tsiron ciwon nan da ke fitowa a jiki, ya fi lafiyayyen nama tsami, kuma da kwalaben ake saita injin kafin a auna majiyyaci. Amma kwalba mai sanyi ƙarya take yi, sai ta kai zafin jikin mutum. Ga wata baiwar Allah mai ƙari tana jira a benci, likita yana ta leƙowa. Kika dube ni sama da ƙasa, kika sa na cusa su a hammata. Ni, babba da gemuna, na tsaya ƙiƙam kamar kaza a kan ƙwai, kina dariya har da riƙe ciki. Hoton ya fito tas, likita ya ga iyakar ƙarin matar. Tun ranar na kamu da sonki, kuma ban nemi magani ba.

Yanzu na ji wani babban asibiti mai nisa yana kiranki, kin ce za ki ba su amsa makon nan. Masoyiya, abinci ma ya daina yi mini daɗi. Ban hana ki ci gaba ba, wa ya isa ya tare kogi? Na san can akwatinsu sabo ne fil, ba ya lalacewa. To amma akwati zai tambaye ki ko kin karya kumallo? Zai haƙura da tsamin bakinki ranar da lissafi ya ƙi fita?

Roƙona ɗaya ne: ki ba ni izini in turo kawunnaina wurin Baba kafin ki amsa musu. In zama za ki yi, mu zauna tare. In tafiya ce, can ma ai suna da injin da ke neman mai danna shi.

An gyara akwatinmu jiya, na kuwa yi baƙin ciki.

Naki har numfashi ya ƙare,
Mai ɗumama miki kwalabe