Muryar malamar asibiti a wayata

Talata, bayan isha'i, Dayi

Na gaji liƙis, amma sai na rubuta wannan. Yau na kai 'yata Nafisa asibiti a Malumfashi. Shekararta biyu da rabi, har yanzu rarrafe take, kuma tun haihuwarta surukata Inna ke cewa 'yar ruwa ce.

Malamar asibitin ta zauna da ni a natse. Ta ce lalurar galahanga ce, da ita ake haihuwar yaro, ba aikin aljanu ba ne, ba kuma laifina ba ne. Za ta yi tafiya, za ta yi magana, sai dai a hankali. Ta nuna mini yadda zan riƙa motsa mata ƙafafu, ta ce iyaye irina suna haɗuwa a can duk wata.

Na ce, "Malama, in ni na faɗa a gida ba za a yarda ba. Don Allah ki maimaita in ɗauka a waya." Ta yi dariya, ta maimaita.

Da la'asar na kunna wa Inna tana ɓare gyaɗa. Sau biyu ta saurara. Can ta ɗora Nafisa a cinyarta ta ce, "Tura wa ƙanwata Laraba a Kafur, jikanta ma haka yake, suna ta ɓoye shi a ɗaki. Ran taron kuma ni zan goya Nafisa."

Na tura mata cike da murna. Bayan magariba Laraba ta kira, tana tambayar ranar taron da motar da za ta shiga.