Kwalabe Uku a Ƙasan Tanki

Auta,

Ina gaishe ka, don Baba ya ce sai na gaishe ka.

"Yaya, je ki yi jinyar Baba. Kowace Litinin da hannuna zan cika tankin naitirojin." Kai ka faɗa, a ƙofar ɗakin gwaje-gwajenmu. Jiya aka sanar da ni ruwan sanyin da ke tankin ya ƙafe.

Ka san abin da ke daskare a kwalaben da ke ciki. Shekara tara ina yi wa ɓeraye allurar furotin ɗin jinin ɗan tayi, ina renon ƙwayoyin saifarsu, kafin zuriya ɗaya tak cikin ɗari takwas ta ba ni sinadarin da ke cafke furotin ɗin a jinin uwa. Da akwai gwaji da wannan sinadarin lokacin cikina, da an gane jinin 'yata yana zurarewa cikin nawa. Da bana ta cika goma sha biyu.

Yi min bayani. Ban da dogon Turanci.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya jikin Baba?

Wallahi ban tsallake Litinin ko ɗaya ba. Sai dai murfin nake ɗagawa, in ga farin hayaƙi ya taso, in ce ai a cike yake. Ban taɓa tsoma sandar awo ba. Kwalabe talatin da bakwai na sama sun narke, ƙwayoyin sun mutu. Uku na can ƙasa, ruwan bai gama barinsu ba. Na cika tankin, amma na kasa taɓa su.

Ki yi haƙuri da tambayar: ba ki aika wa Malamarki wasu ta ajiye ba?

Ƙaninki mai laifi.

*

Auta,

Baba da sauƙi, yana amsawa.

Ban aika ba. Sau biyu ta roƙa, na hana ta, don kada sunanta ya riga nawa hawa takarda. Na tara komai a tanki ɗaya, na damƙa wa mai auna ruwa da hayaƙi. Wannan wautar tawa ce, kuma ta girmi taka.

Gobe ka kai wa Malama kwalba ɗaya cikin sanyinta, ka ce na tuba. Ka narkar da ɗaya. Ɗaya na ce. Ta ukun kada ka ko kalle ta.

Na ba ka zuwa Alhamis ta sama ka gaya min ko sun farfaɗo. In ba su farfaɗo ba, Juma'a zan dawo in nemo ɓeraye in fara daga farko. Kai za ka riƙa wanke musu keji, shekara tara.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Yaya.