Zuwa ga Yaya Nura, Wanda Aka Binne a Tsallaken Iyaka

Assalamu alaikum Yaya Nura,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma akwai maganar da ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Labarin gida tukuna. Umma lafiyarta lau, sai ciwon gwiwa, yanzu a zaune take salla. Matarka Anti Rabi ta koma gidansu a Gwale, wani malamin makaranta yana nemanta, Umma kuma ta sa albarka. Kada ka ji komai, mutumin kirki ne. 'Yarka Amira ta shiga firamare, ta ɗauko wushiryarka da taurin kanka.

Ni ina nan Dubai, a kamfanin tallan nan na Al Quoz da kake tsokanata wai ana biyana don in yi surutu. Watan jiya aka kawo mana wani aiki: gajerun saƙonnin rediyo da za a riƙa sawa a gida, don jama'a su ci gaba da goyon bayan sojojinmu da ke yaƙi da 'yan ta'adda a tsallaken iyaka. Wato yaƙinka. Ni aka ba in mayar da su Hausa, in kuma karanta da muryata.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, mutane sun gaji. Na je Al Ras wajen Alhaji Mudi, ɗan kasuwar Kwari da nake ba sautu zuwa Kano. Da ya ji aikin da nake yi, sai ya ajiye kofin shayinsa, ya ce an tashi ƙauyensu, gonarsa ta gagari zuwa, to me 'ya'yanmu suke yi a ƙasar wasu? A dawo da su gida, khalas, shi ke nan. Na gaya masa abin da ka saba faɗa, cewa in ba a tare 'yan ta'addan can ba, har gida za su iske mu. Ya ce ai sun riga sun iske mu, 'yata. Da kai ne, me za ka ce masa?

Shugabar sashenmu, wata Balarabiya, ta ji cewa yayana a can ya rasu. Ta yi min ta'aziyya har da hawaye, sannan ta ce in ambaci sunanka a saƙon, wai zai fi ratsa zuciya. Na ce sai na tambayi Umma. Umma ta ce ita ba ta haife ka don a yi talla da kai ba. Amma ta ce in karanta sauran, tun da 'ya'yan wasu suna can, su ma uwa ta haife su.

Abokinka Saje Iliya yana cikinsu har yanzu. Yakan kira Umma in sun sami sabis, ni ma ya kira ni. Ya ce ƙarar bindiga sun saba da ita. Abin da ya ci masa rai shi ne da ya zo hutu, mai adaidaita ya dubi jakarsa ya ce, au, dama har yanzu ana wannan yaƙin?

Don haka na shiga ɗakin ɗaukar murya na karanta. Jimla ɗaya na ƙi, wadda ta ce nasara ta kusa. Ita aka gaya muku ranar da za ku tafi, tun Amira ba ta fara rarrafe ba. A madadinta na ce suna can har yanzu, kada ku manta da su. An ɗan ja da ni, daga baya masu aikin suka yarda. Yanzu ana sawa bayan labaran yamma. Umma ta ce maƙwabta sun shigo yi mata barka, ita kuwa ta kashe rediyon ta shiga ɗaki. Alhaji Mudi bai sauya ra'ayi ba, amma ya tambayi sunanka da na marigayi Baba don ya sa ku a addu'a.

Ga abin da na zauna in gaya maka. Ban sani ba ko ina goyon bayan yaƙin nan. Iliya ya ce an binne ka ne kusa da wata aduwa, bayan sansaninsu, kuma duk lokacin da suka wuce yakan zuba wa kabarin ruwa daga gorarsa. Babu allo, babu suna. Ranar da aka janye su, wa zai san inda kake? Duk sanda na ce wa mutane a bar su a can, wannan ne a raina. Na kuma san bai isa dalilin da za a riƙe yayyen wasu a daji ba. Iliya ma yana da ƙanwa, tana jiransa a Potiskum.

Na roƙe shi, in umarnin dawowa ya zo, kada ya tsaya saboda kai. Ya tara duwatsu a wajen, ya yi maka sallama a madadinmu, ya taho.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu a inda ba rabuwa.

Ƙanwarka,
Bilkisu