Wayar da na binne a ƙarƙashin kankare

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfin kaina.

Ni tsohon mai aikin wayarin ne, ina zaune a Kawaji, na haura saba'in. A shekarun da kuɗin mai suka fara kwararowa, lokacin da kowa ke gini kamar gobe za a hana, wani Alhaji ya ba ni wayarin benensa na ofisoshi a Nassarawa GRA. Shi ne babban aikina na farko, sai rawar kai nake. Zanen injiniya ya ce babbar wayar da za ta ɗauko wuta daga mita a bakin get zuwa cikin gini sai mai kauri. Na karaɗe Kano ban samu wadda za ta isa ba, aka ce kaya na kan ruwa, jirage sun yi layi wata da watanni. Alhaji kuma ya kafe sai an buɗe ginin kafin ya tafi Hajji, ni kuma na ji kunyar in ce masa na kasa. Sai na samo guntaye biyu masu kaurin, na sa ɗaya a bakin mita, ɗaya a allon raba wuta, inda ido ke gani, tsakiyar kuwa na jona siririya, rabin kaurin waccan, aka zuba kankare a kai. Na sa hannu a zanen cewa an yi yadda aka tsara. Na ce wa kaina in kaya sun iso zan canja, ban canja ba.

Allah ya rufa asiri, don ginin ba ya jan wuta, fankoki ne da ƙwayayen fitila da iyakwandishan biyu a ofishin Alhaji. Da wannan aikin na yi suna, har ana cewa in ni na yi wayarin a kwanta a yi barci. Alhaji ya riƙe ni kamar ƙaninsa, shi ya tsaya wa babban ɗana har ya zama injiniyan lantarki, Alhajin kuma ya rasu ban faɗa masa ba.

Yanzu 'yarsa Hajiya, likita ce, ta mayar da benen asibitin haihuwa. Iyakwandishan kowane ɗaki, hitar ruwa, ɗakin tiyata, ga kwalaben da ake sa jarirai bakwaini. Ɗana ta ba aikin. Yaron ya yi abin da ya kamata, ya lissafa wutar da kowace na'ura za ta ja, ya buɗe allo ya ga waya mai kauri, ya duba zane ya ga sa hannuna. Abokin aikinsa ya ce a fasa kankaren a duba tsakiya tunda ta daɗe, ɗana ya ce shi ba zai tone aikin ubansa yana raye ba, ai a tambaye ni ya wadatar. A gaban Hajiya ya tambaye ni, ni kuma na gyaɗa kai. Wallahi har yau ina jin haushin kaina.

Kwana shida na yi abinci ba ya shiga, sannan na kira ɗana na faɗa masa komai. Sai ya tambaye ni ko na sha maganina. Bara hawan jini ya kwantar da ni, tun daga nan nakan haɗa sunayen jikokina, shi ke nan suka sami abin kamawa. Na tafi wurin Hajiya da kaina, ta saurare ni har ƙarshe, ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura min a hannu, ta ce, “Baba, kai da cin amana? Ko a mafarki aka faɗa min ba zan yarda ba.” Ta sa direba ya kai ni gida. Na koma da diga zan fasa wurin da hannuna, maigadi ya karɓe yana ba ni haƙuri, yanzu an ce kada a bar ni in fita ni kaɗai.

Na san abin da zai faru. Ranar da aka kunna komai, mahaɗar nan za ta yi zafi a ƙasa har ta ƙone, fis ɗin da ke katse wuta ba zai yanke ba don da waya mai kauri aka auna shi. Janareton ma a bakin get yake, ta wannan wayar wutarsa za ta bi. Wuta za ta ɗauke gaba ɗaya, wata na kan gadon tiyata, jarirai na cikin kwalba. In na kai ƙara hukuma, sa hannun ɗana ne a takardun yanzu, shi zan kashe wa sana'a, kuma su ma shi za su tambaya, ya ce musu tsufa ne.

Saura sati uku a buɗe. Jama'a, duk wanda na faɗa wa gaskiya sai ya yi min addu'ar samun sauƙi. Ta yaya zan sa ɗana ya yarda ubansa ya yi ha'inci, kafin a kwantar da jaririn wani a ginin nan?