Mahayin da Ya Faɗo Daga Alkyabba

Daga Habiba, a Kurmin Dawa, ƙasar Birnin Gwari, zuwa ga yayana Malam Salmanu a Zariya.

Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyar iyali da ɗalibai. Bayan haka, Yaya, mijina Nababa yana cikin mari.

Ka san rigimar mashayar shanu tsakanin garinmu Tungar Kuka da mutanen nan na Kurmin Dawa. Da kaka aka yi sulhu, sai shugaban garinmu, Magaji Labaran, ya sayi alkyabba wurin wani Balarabe, ya ba Nababa ya kawo wa Mai gari Ƙasimu. Ana warware ta a zaure sai ga wata takarda mai kauri ta faɗo, ba ta wuce tafin hannu ba. An zana mahayi cikin sulke, takobi zare a hannunsa, doki ya ɗaga ƙafa. Rubutun da ke ƙasa na Nasara ne.

Ka san dai mutanenmu, goro zumunci ne, kibiya yaƙi. Ƙasimu ya ce wannan ta fi kibiya, tunda har da mayaƙin aka aiko. Nababa ya rantse bai taɓa ganinta ba. Sarkin baka ya ce, "Manzo bai san abin da ya ɗauko ba? Ashe jaki muka kama, a kawo masa dusa."

Na ratso daji na sauka gidan Gwaggo Huraira, na faɗi gaban Ƙasimu. Ya san ka zauna Masar, ya yarda a jira fassararka zuwa tsayuwar wata. In yaƙi take nufi, kan Nababa ne amsarsu.

Ka taimake ni. Ƙanwarka ce.

*

Daga Salmanu zuwa ga ƙanwata Habiba.

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki. Ki kwantar da hankalinki, na san takardar.

Ɗaya ce cikin saba'in da 'yan kai waɗanda Nasara ke caca da su a Iskandariyya. Wasu matansu kuma duba suke yi da su, kamar yadda namu ke bugun ƙasa. Ga abin da suke faɗi kan wannan: takobi husuma ce, doki gaggawa, sulke kuwa zuciyar da ba ta jin shawara. In ta faɗo a miƙe, fitina ce tafe. In kan mahayin ya dubi ƙasa, mai neman faɗa ne zai faɗi kafin ya kai sara.

Amma a lura da abu biyu. Ba a aika ta ga kowa, sai an cakuɗa ta da 'yan uwanta mutum ya zaro da hannunsa. Guda ɗaya da ta ɓata cikin kayan fatauci ba ta cewa komai. Na biyu, duk zancen ƙarya ne, gaibu sai Allah. Na faɗa ne don an tambaye ni, ba na kuwa ɓoye abin da na sani.

A karanta wa Ƙasimu wannan duka, kada a rage. Wassalam.

*

Zuwa ga Yaya Salmanu, bayan gaisuwa.

Liman ya karanta duka, bai rage ba, amma tun daga "fitina ce tafe" ba wanda ya ƙara sauraro. Sai gardamar yadda ta faɗo. Waɗanda suka zauna ta bakin ƙofa suka ce a miƙe, na ciki suka ce kai ƙasa, har tsofaffi biyu suka kama rigunan juna. Na ɗaga murya na ce Malam ya ce ba ta cewa komai.

Sarkin baka ya ce, "'Yar malam, in ba ta cewa komai, me ya sa yayanki ya cika takarda da maganarta?"

 Ƙasimu ya sa Liman ya maimaita masa wurin kai ƙasa, sau biyu. Yanzu maƙera sai aiki suke, ana dafa dafin kibiya a bayan ganuwa. Ƙafar Nababa ta kumbura, an hana ni kai masa ko ruwa. Watan ya kusa.

Ka sa mu a addu'a.

*

Daga Tungar Kuka.

Yaya, gaisuwa. Nababa yana gida da ransa. Ƙasimu ya sake shi don ya sami mai kai amsa: kibiya ce, an soke takardar a jikinta, kan mahayin yana ƙasa.

Magaji Labaran bai taɓa ganin takardar ba sai yau. Kibiyar ya gane. Zanen ne yake ta juyawa, ya ce kafin a buga gangar yaƙi sai an tambayi malamin nan na Zariya, kuma Nababa ne zai sake komawa da amsa.

In manzonsa ya iso, don girman Allah ka ce ba ka sani ba.

Habiba.