Baƙin Tabarau na Nehemiya

Kurmin Kogi, Agusta 1997

Ɗana Jumare,

Ina gaishe ka, ya aiki, ya sanyin ƙasar Turawa? Na gode da ka rako gawar abokinka, ɗan cikina Nehemiya, har gida.

Ga abin da ke damuna. A kayansa an ga hotonsa da baƙin tabarau, tsakanin bututu da wayoyi. Kawunsa Barnaba yana yawo da shi a coci, wai ashe walda yaron yake yi, ya ruɗe mu da sunan karatu. Da damina ta ɗauke za a yi wa kabarin siminti, kuma Barnaba ya ce "mai walda" za a rubuta. Walda ba abin kunya ba ce, amma ɗana bai taɓa yi mini ƙarya ba. Aji huɗu na yi, ka faɗa mini aikinsa yadda zan gane.

Mamarka, Matta

Satumba 1997

Mama,

Na durƙusa na gaishe ku, ya ƙarin haƙuri?

Ba walda ba ce. Komai na duniya an yi shi da ƙwayoyin zarra, ƙanana ƙwarai, kuma a iska gudu suke fiye da jirgin sama. Gudun nan shi ne zafi. Nehemiya yana haska musu leza, wani haske mai kaifi, ta gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Duk inda ƙwaya ta nufa, haske ya tare ta, har ta lafa. Maganaɗisu kuma ya riƙe su a tsakiya. Sai su yi sanyin da ƙanƙara wuta ce a kansa. Tabaran na kare ido ne.

Mun daɗe muna gwadawa a ɗakin bincikenmu, ya ƙi. Nehemiya ne ya gyara madubai har ƙwayoyin suka taru, ɗigo mai haske kamar ƙwayar gero, yana tsaye ba abin da ya taɓa shi. Ranar ya ce, "Da Mama ta ga wannan."

Allah ya ji ƙansa.

Ɗanki, Jumare

Kurmin Kogi, Nuwamba 1997

Ɗana Jumare,

Gaisuwa mai yawa. An yi simintin. Tun yana ɗanye na karɓi ƙusa daga hannun magini, na rubuta da kaina: "Ya tsayar da zarra da haske."

Barnaba ya ce, "Matta, wa zai gane wannan?"

Na ce duk wanda bai gane ba ya zo gidana, ina nan.

Har matar fasto ta zo jiya. Ka huta lafiya.

Mamarka, Matta